Sunan wasa ko sunan zagi? Gardamar da aka kawo mini a Kabara

Ranar wata Juma'a bayan sallar Isha'i ina zaune a dakalin ƙofar gidanmu da ke unguwar Kabara, sai ga ɗan ƙanwata, wanda yake karatun ilimin kwamfuta a jami'a, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa yana murmushi irin na wanda ya zo da abin a yaba. Wasan bidiyo ne shi da abokansa biyu suka shafe watanni suna haɗawa, irin wanda ake bugawa a waya. Labarin wasan ba shi da sarƙaƙiya: wani yaron shago ne a Kantin Kwari yake tsere cikin layuka da dilar atamfa a ka, yana kauce wa 'yan dako da masu baro, domin ya riga wani ɗan kasuwa Basine isa wurin mai saye. Na gwada, na faɗi sau uku, yaran unguwa suka yi ta dariya. Da na koma shafin farko sai na ga sunan da suka raɗa masa da manyan baƙaƙe: Chin-Chon Ya Shigo Kwari.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ni ma dariya na fara yi. Sai da yaron ya ce, "Kawu, ɗaya daga cikinmu ya ce sunan nan zagi ne, mu biyu kuma muka ce wasa ne, shi ya sa na ce bari in kawo maka ka raba mana gardama," sannan na kama bakina. Na ce ya ba ni kwana biyu. Kwana biyun nan sai da suka zama mako biyu, domin na gano cewa dariyar da na yi ta girme shi nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya tashi a Kano a shekarun 1970 da 1980 ya san daga ina kalmar ta zo mana. Mun ga Bruce Lee da Jackie Chan a sinimomi irin su Plaza da Orion, mu dawo lungu muna tsalle muna kai wa juna naushi muna "chin-chon, chin-chon," wai Sinanci muke yi. A lokacin yawancinmu ba mu taɓa ganin Basine ido da ido ba, kuma a zuciyarmu jarumai ne. Abin da muka sani game da ƙasarsu bai wuce faɗan fim ba, sai sunan Birnin Sin da muke ji a bakin malamai a matsayin ƙarshen nisan duniya, sai kuma sashen Hausa na gidan rediyonsu da ya fara watsa shirye-shirye tun 1963. Kalmar tana yawo ne a iska, babu wanda take sauka a kansa. Yau kuwa Sinawa suna Kwari, suna Sharaɗa da Challawa, suna aikin titi da layin dogo, kuma na sha ganin yara sun bi ɗayansu a baya suna rera masa ita. Kibiyar da a da ake harbawa sama yanzu ta sami wurin sauka.

Na fara ba yaron labarin wani wasa da ya yi kama da nasu. A watan Satumbar 2017 wani ƙaramin kamfani mai suna Big-O-Tree Games, da ke garin Markham a lardin Ontario na ƙasar Kanada, ya tallata wasan waya da ya kira Dirty Chinese Restaurant, wato ƙazamin gidan abincin Sinawa. A cikinsa mai wasa zai zama wani mai dafa abinci da ke bin kyanwowi da karnuka da wuƙar fawa, yana tonon shara domin kayan miya, yana ɓuya wa jami'an shige da fice. Garin na Markham kuwa kusan rabin mutanensa 'yan asalin ƙasar Sin ne. 'Yar majalisar wakilan Amurka daga New York, Grace Meng, ta yi kira ga kamfanonin Apple da Google kada su karɓi wasan. Firimiyar Ontario ta lokacin, Kathleen Wynne, ta yi tir da shi. Masu kamfanin suka fara da cewa raha ce da habaici irin na barkwanci, ba su nufi kowa da sharri ba. A farkon Oktoba suka janye wasan tun bai fito ba, suka nemi afuwa.

Abin lura shi ne akasarin waɗanda suka fusata ba su taɓa buga wasan ba, ba kuma za su taɓa bugawa ba. Suna da ɗan gajeren talla suka gani, kuma sunan ya ishe su, saboda ya faɗa kan tsohon miki. Bayan dubban leburori Sinawa sun gama taya Kanada shimfiɗa layin dogon da ya ratsa ta a 1885, a wannan shekarar aka ɗora wa kowane Basine mai shigowa harajin dala 50, aka kai shi dala 500 a 1903, sannan a 1923 aka kusan rufe musu ƙofa ɗungurungum har zuwa 1947. Sai a 2006 Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara a majalisa. Amurka ma ta yi tata dokar ta hana su shigowa a 1882. Waɗanda suka rage aka toshe musu yawancin sana'o'i, sai wanki da guga da sayar da abinci, a kan wannan abincin kuma aka riƙa bin su da ƙazafin ƙazanta da cin kare. A 1968 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta buga wata wasiƙa da ta haifar da abin da aka riƙa kira "ciwon gidan abincin Sinawa," aka ɗora laifin a kan sinadarin ɗanɗanon nan da matanmu suke kira farin magi, binciken da ya biyo baya kuma bai tabbatar da zargin ba. Saboda haka mutumin da kakansa ya yi tarbiyyar 'ya'yansa da kuɗin tukunyar shinkafa, idan ya ga kalmomin nan uku a jere, labarin gidansu ya gani an mayar abin dariya.

A nan ne ɗan ƙanwata ya tare ni, kuma ya tare ni da ƙarfi. Ya ce, "Kawu, wannan ai tarihin Turawa ne. Mu yaushe muka ɗora wa Basine haraji? Mu ne ma suke ci da yaƙi a kasuwa, kuma ka san yadda suke yi mana a can." Ban iya musa masa ba, kuma ba zan musa a wannan shafi ba. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka, ciki har da 'yan Nijeriya masu yawa, daga gidajen haya da otal-otal a birnin Guangzhou, wasu suka kwana a titi, wani reshen McDonald's ya manna sanarwar hana baƙar fata shiga, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyon abin da ke faruwa. A 2016 wani kamfanin omo a can ya yi tallar da aka cusa baƙin mutum cikin injin wanki ya fito fari. A watan Yunin 2022 binciken BBC ya bankaɗo wani Basine a Malawi da ke tara yaran ƙauye yana ɗaukarsu bidiyo suna maimaita kalaman ƙasƙantar da kansu da Sinanci, harshen da ba su ji, yana sayarwa a intanet. An kamo shi a Zambiya, kotun Malawi ta same shi da laifi a 2023.

A gida ma kukan ba na banza ba ne. A watan Mayun 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan kasuwar Sin 45 a Kano bisa zargin shiga harkar sayar da yadi da ba a ba su izini ba. A 2015 marina suka yi zanga-zanga har zuwa fadar Sarkin Kano, Muhammadu Sanusi II, suna kokawa da cewa rinannen yadin da ake shigowa da shi ya hana su cin abinci. Wanda ya leƙa karofin Ƙofar Mata ya ƙirga ramukan da suka bushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Matashin da ya ga haka ya ce zai yi wasa a kai, ni ina ganin ya yi abin a yaba, domin marubutanmu da 'yan fim ɗinmu ma ba su ba al'amarin haƙƙinsa ba.

To amma wani hanzari ba gudu ba. Bahaushe ba baƙon wasa da ƙabila ba ne, har ƙa'ida ya yi masa. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, kowa ya san irin baƙar maganar da suke gaya wa juna a gaban jama'a a tashi ana dariya. Abin da ya sa ba a zubar da jini shi ne sharuɗɗan da ba a rubuta ba amma kowa ya haddace: dukkan ɓangarorin biyu sun yarda da wasan tun kaka da kakanni, ana yin sa fuska da fuska, kuma wanda aka tsokana yana da cikakken ikon ramawa nan take, sau da yawa ma ya fi mai tsokanar iya baki. Ranar da ta ɓaci kuwa, abokin wasan nan shi ne mai shiga tsakani. Na tambayi yaron, wanne daga cikin waɗannan sharuɗɗa sunan wasanku ya cika? Yaushe muka ƙulla taubasantaka da Sinawa? Idan kuka ɗora shi a kasuwar manhajoji, murmushinku ba zai bi shi ba, kyakkyawar niyyarku ma a Kabara za ta tsaya. Suna ne kawai zai tafi, ya shiga bakin yaron da ba ku sani ba, a unguwar da ba ku taɓa takawa ba.

Akwai misalin da ya ƙara fayyace mini wannan. A 2018 wasu masu haɗa wasanni a ƙasar Sin suka fitar da wani wasa mai suna Chinese Parents, wato iyayen Sinawa, inda suke zolayar yadda iyaye a can suke matsa wa 'ya'ya da karatu har zuwa jarrabawar shiga jami'a. Sunan ƙabilar yana nan ɓaro-ɓaro a jikin wasan, kuma Sinawa da kansu suka yi rububinsa. Ashe ambaton al'umma a suna ba shi ne laifin ba. Ɗan gida ne ya yi wa gidansu dariya a kan halin da kowa ya san yana nan.

Mu da kanmu mun fi kowa sanin yadda kalma take sauya ɗanɗano gwargwadon bakin da ta fito. Babu kalma mai daɗi a Hausa kamar "aboki." Amma duk ɗan Arewan da ya zauna a Legas ko Fatakwal ya san yadda ake murɗa ta a jefi mai gadi da mai shayi da ɗan acaɓa da ita, da ma farfesa idan ya kuskura ya sa hula, har ta koma ma'anar jahili. Idan ka yi magana a ce maka, "Ai a yarenku aboki na nufin masoyi, mene ne na fushi?" Haka kalmar "Takari" a Saudiyya. Asalinta Takrur ne, tsohuwar daula a gaɓar kogin Senegal, sunan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ga ya isa ya sa a sunan littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisur. Alhajin da aka taɓa daka wa tsawa da ita a Jidda ko Makka ya san ba tarihin daula ake tuna masa ba. Da a ce gobe wani kamfani a Legas zai fitar da wasan waya mai suna Aboki Mai Gadi, inda mai wasa yake gyangyaɗi a bakin ƙofa yana tofar da goro, ina da yaƙinin wannan shafi ba zai ishe mu rubutun martani ba, kuma ba za mu saurari wanda zai ce mana wasa ne ba.

Abin da ya fi damuna da "chin-chon" shi ne yadda aka ƙera ta. Ba sunan ƙasa ba ce, ba sunan sana'a ba ce, ba ta bayyana wani laifi da wani ya aikata. Kwaikwayon harshen mutum ce da nufin nuna cewa abin da yake faɗa surutu ne marar ma'ana. Muna da irinta a cikin gida: sunan nan da muke kiran Ibo da shi, wanda aka ciro daga yadda suke cewa a ba su ruwa, da yawa daga cikinmu har yau ba su ɗauke shi zagi ba, su kuwa sun ɗauka. Ban ce suna ne ya haddasa abin da ya faru a Kano a 1953 ko 1966 ba. Na dai lura cewa ranar da tarzoma ta tashi ba a kiran mutum da sunan da ubansa ya raɗa masa, da irin wancan sunan ake nuna gidansa. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Satumbar 2022 wani Basine ya kashe wata budurwa a unguwar Janbulo, garin nan ya ɗauki zafi ƙwarai, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a watan Maris na 2024. Alhamdu lillahi, mutum ɗaya aka kama da laifin mutum ɗaya. Ba na son mu raini yaran da a irin wannan rana za su ga duk mai irin fuskarsa abu guda ne.

Kuma fuskar ba ta Sinawa kaɗai ba ce. Yaron lungu ba ya bambanta Basine da ɗan Japan ko ɗan Koriya, balle ɗan Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya, waɗanda alhazanmu suke dawowa suna yabon natsuwarsu a wurin ɗawafi. A cikin Sin kanta akwai miliyoyin Musulmi, Hui da Uigur da sauransu. A unguwa irin tamu, inda kusan kowane zaure makaranta ne, ba sai na tsaya tunatar da kowa abin da aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana game da izgili da jifa da laƙabi ba.

Sunan unguwar tamu ma darasi ne da muke takawa kullum ba mu kula ba. Kabara gari ne a ƙasar Mali ta yau, mashigar jiragen ruwan Tambutu a gaɓar kogin Neja. Daga can Malam Umaru Kabara, kakan marigayi Shaihu Nasiru Kabara, ya zo ya zauna kusa da fada, aka kira wurin da sunan garin baƙon, yau kuma gidan Ƙadiriyya da ke nan sananne ne a Afirka ta Yamma. Haka Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa, da Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa, inda Larabawan Arewacin Afirka suka sauka tun lokacin da kalmar Turawa su take nufi. Kano ta saba kiran baƙo da inda ya fito, ta ba shi fili, ta yi ciniki da shi, in ta kama ta yi gardama da shi a gaban alƙali. A kan wannan turba ce Sarki Sanusi ya naɗa Mike Zhang Wakilin 'Yan China a 2019, naɗin da wasu suka yi wa tsiya, ni kuwa na ga hikimarsa: an samar da wanda za a kira da sunansa idan akwai ƙorafi.

Sai batun wanda ya kamata a nuna wa yatsa. Babbar masaƙar da ta fi kowace ɗaukar ma'aikata a Arewa, UNTL ta Kaduna, wani attajiri Basine daga Hong Kong, Cha Chi-ming, ne ya kafa ta a 1964, ta ciyar da dubban gidaje kafin ta rufe a 2007. Abin da ya durƙusar da ita da takwarorinta na Kano kowa ya san shi: rashin wutar lantarki, tsadar man injina, da fasa-ƙwaurin da ke kwararowa ta iyakar Nijar a gaban idon masu kaki. Kuma waye yake zuwa Guangzhou da samfurin atamfa a jaka ya ce a buga masa irinta amma a rage nauyin zare? Alhazanmu ne, muna sallah sahu ɗaya da su. Mun mayar da "ɗan China" ma'anar jabu, alhali wayar da yaron ya miƙo mini, da injin ban ruwan gonar ƙanena, da farantin hasken ranar da ke kan rufin masallacinmu duk daga can suka zo, kuma abin da muka biya shi aka ba mu. Wasan da ya ɗora duk wannan a kan harshen mutum ɗaya ya sauƙaƙa wa masu laifi na gida.

Na kuma ja hankalinsa cewa gyaran suna kaɗai ba ya wanke wasa. Kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Resident Evil 5 a 2009, sunan da babu aibu a cikinsa, amma tun tallarsa ta 2007 aka yi ta ce-ce-ku-ce, saboda Bature ne aka nuna riƙe da bindiga yana harbin gungun baƙaƙen fata da suka haukace a wani ƙagaggen gari na Afirka. Yaranmu sun buga shi a shagunan gem na Kano suna shewa, ba su lura su waye ake harbewa ba. 'Yan Asiya ne suka yi wannan, su ma sun ce ba su nufi komai ba. Saboda haka na ce ya sake duban yadda suka zana ɗan kasuwar, domin sun ja masa idanu kamar zare sun fito masa da haƙora biyu. Sauya suna kuma ba ya kashe kasuwa: kamfanin Nintendo yana da wani ɗan dambe Barashe a wasansa na Punch-Out da ya fara kira Vodka Drunkenski, wato mashayin barasa, a 1987 ya mayar da shi Soda Popinski, wasan ya ci gaba da sayuwa. Ga shi kuma ƙa'idojin Google da Apple sun hana manhajar da ke tozarta mutane saboda launi ko ƙabila, ƙorafi kaɗan zai iya sa a sauke aikin watanni a dare ɗaya.

Da ya dawo jin hukunci na gaya masa ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba: sunan zagi ne, ko da su ba su yi shi da niyyar zagi ba, kuma abokinsu da ya tsaya shi kaɗai ya fi su gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, yanzu mun zama biyu da biyu ke nan." Na ce in suna neman mai raba gardama na uku, akwai wani Basine da ke sayar wa mahaifinsa kaya, yana jin Hausa daidai gwargwado, su je su nuna masa shafin farko su tsaya su kalli fuskarsa. Ya ce wannan kam da kunya, ba zai iya ba.

Shekaranjiya ya turo mini sabon gwaji. Sun gyara idanun ɗan kasuwar, sun ƙara wani mataki inda wuta take ɗaukewa a tsakiyar tsere, da wani inda motar kaya take ratsa shingen kwastan a hanyar Jibiya bayan an miƙa ambulan. Ya ce suna tunanin kiran sa Yaron Kwari, amma ɗayansu yana ganin sunan ba zai ja mutane ba, don haka a shafin farko sun bar wurin suna fili tukuna. Ni dai har yanzu ban wuce mataki na biyu ba, mai baro ne yake kayar da ni a kwana ɗaya kullum.